Kwantenar Rabi da Ɗigon Mero

Idan ka shigo layinmu a Zongon Lomé ka tambayi Rabiatou Abdulwahidu, sai an yi ta kallon juna kafin wani ya tuna. Ka ce Rabi Kwantena kuwa, ko ɗan zemijan da ya kawo ka a babur zai nuna maka ita da haɓa. Teburinta na barandar shagona, tsakanin keken ɗinkina da Hadjara mai wagashi, wato cukun nonon shanu. Shekara biyar ke nan muna raba soket ɗaya ni da Rabi, kuma har yau ba mu daina faɗa a kansa ba. Sunana Batul, tela ce ni, ƙawar mahaifiyarta Mero tun muna 'yan mata. Da wannan nake da bakin ba da labarinta.

Ba ta canza gilashin waya, ba ta sayar da caja. Aikinta cikin waya yake. Ɗaliban jami'a da ba su da kwamfuta su ke zuwa mata daga unguwar Tokoin, wasu har daga Avédji, ta karɓi wayar mutum ta yi ta danne-danne, bayan awa biyu ta miƙa masa da kwamfuta a ciki. Manhajojin da aka yi don babbar kwamfuta ta tebur sai ga su suna buɗewa a abin da bai fi tafin hannu ba. Ba ta da fara'ar 'yan kasuwa, ba ta kuma iya bayani sau biyu. Duk da haka layi ake yi.

Ita ce ta huɗu a gidan Malam Abdulwahidu, kuma ita kaɗai ce mace. Malam ya gaji makarantar allo daga mahaifinsa, wanda ya zo Lomé daga ƙasar Zazzau da fatauci ya ƙi komawa. Mero ce ta kafe sai yarinyar ta yi lakwal, makarantar boko ta Faransanci, Malam bai so ba amma ya bari. A takardun makaranta aka rubuta ta Rabiatou, a bakin ubanta kuwa Rabi'atu ce har gobe. Alƙur'ani ma ba a gabansa ta yi shi ba. Islamiyyar Asabar da Lahadi ta yi, da bugaggen mushafi irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba. Ta tashi tana lissafi da Faransanci, tana salla da Larabci, tana faɗa da Hausa. Hausar nan a bakinta kawai take, ba ta taɓa rubuta ta ba, ko da boko ko da ajami.

Tana da hali ɗaya tun tana ƙarama: ba ta nuna aiki sai ta gama. Na taɓa koya mata ɗinkin aljihu da hannu tana 'yar shekara tara. Kwana shida tana ɓoye ƙyallen a ƙarƙashin tabarma, ranar da ta kawo mini ta ɗinke aljihun ta baibai daga farko har ƙarshe, ɗinki mai kyau, ko zare ɗaya bai kauce ba. Na ce da kin nuna mini tun ranar farko. Ta kalle ni kamar na zage ta.

Ta yi shekara biyu a jami'a tana karatun kwamfuta, sai ciwo ya kwantar da Mero. Ta ajiye karatun ta yi jinya wata goma sha huɗu. Bayan rasuwar ba ta koma ba, ba ta kuma faɗa wa kowa dalili ba. Ta kawo tebur barandata ta kafa tsohuwar kwamfutarta ta cinya, tana buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki.

Malam kuwa bai yi kuka a gaban kowa ba. Waƙa ya shiga yi. Da ma yana taɓa waƙoƙin wa'azi da ajami, amma bayan Mero abin ya zama kullum. Ya cika littafi uku, baƙi da baƙar tawada, wasula da jan biro. Mafi tsawo a ciki ita ce marsiyyar Mero, baiti ɗari da arba'in. Ba ya karanta wa kowa. Yana ajiye su a adakar ƙarfe ƙarƙashin gado.

Daminar shekara biyu da suka wuce, wata Juma'a da azahar maza duk suna masallaci, aka yi ruwan da ya cika kwatar layinmu ya juyo cikin gidaje. A ɗakin Malam ya kai gwiwa. Adakar ta tsufa, gindinta ya ci tsatsa, ta sha ruwa ta ƙoshi. Kwamfutar Rabi ma tana ƙasa a jaka, don ranar Juma'a ba ta fitowa aiki. Kwamfutar ba ta sake kunnuwa ba. Littattafan kuwa muka shanya su shafi-shafi a kan kwanon rufi. Baƙin ya tsira, sai ɗan nashewa nan da can. Jan biron ne ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kafin mako biyu fumfuna ta fito ta yi wa takardun ɗigo-ɗigo, ita ma ruwan ƙasa.

A watan ne kuma aka kai Malam asibiti a Tokoin saboda ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu yana gani, amma kamar mai leƙe ta ƙofar da ake turowa a hankali, kuma maganin ɗigawa jinkirta rufewar kawai zai yi. Da suka dawo Malam ya kira Rabi zaure, ina wurin na kai masa koko.

"Rabi'atu, takardun nan ruɓewa za su yi," ya ce. "Ina so ki buga mini su da inji, manyan baƙaƙe. Ta uwarki nake so in gani da idona kafin ya rufe."

"Baba, ko in riƙa karanta maka?"

"Ai na haddace ta, ni na yi ta. Ba ji nake so ba. Gani nake so."

Ta ce to. Ba ta ce masa ba ta da kwamfuta ba, ba ta kuma ce masa ba ta taɓa karanta ajami ba. Ta ɗauka wanda ya iya baƙaƙen Alƙur'ani kuma ya iya Hausa ya gama, sai kwafa kawai.

Da waya ta fara, da manhajojin rubutu na waya. Kwana uku ta gane ba za ta yiwu ba. Ajamin Malam yana da baƙaƙen da Larabawa ba su san da su ba, masu ɗigo uku-uku, kuma fa'unsa ɗigonsa a ƙasa yake. Babu su a madannan wayar. Waɗanda ta samo ta liƙa sai su fito akwati-akwati babu komai a ciki. Baiti kuma rabi biyu ne, dama da hagu, da fili a tsakiya, amma da ta juya wayar sai su rushe su hau kan juna. Ni da ma na sha faɗa, waya don gaisuwa da tsegumi aka yi ta.

Wata safiya ta zo ta zauna ba ta ko gaishe ni da kyau ba, ta ce, "Tanti, zan sa kwantena a wayar nan."

Na ce Allah ya ba da sa'a, wace irin kwantena?

"Kin san ta por, tashar jirgi? Akwatin ƙarfe, a zuba kaya a rufe, jirgi ya ɗauko. Jirgin bai san abin da ke ciki ba, kayan ma ba su san a jirgi suke ba. Bon. Wayar nan Android ce, ita ce jirgin. Zan keɓe ɗaki a cikinta in zuba tsarin kwamfuta, Linux. Shi zai ɗauka a kwamfuta yake zaune. Duk abin da nake buɗewa a tsohuwar kwamfutata sai ya buɗe a nan."

Ban gane ba a lokacin, amma na ga yadda ake yi don a gabana aka yi. Ta sa wata manhaja mai baƙar fuska, ba hoto ba ado, sai rubutu fari ƙanana kamar ƙwarƙwata. A nan take buga umarni, wayar ta yi ta zubo layuka. Ta wannan baƙar fuskar ake jawo kwantenar daga intanet. Sai wata manhaja ta biyu, wadda ta ce taga ce, ta nan ake leƙa cikin kwantenar a ga teburin kwamfuta da 'yan gumakansa. Abin yana da nauyi, datar waya ba ta ja, sai ta hau zemijan ta tafi wani shagon wifi kusa da jami'a. Sau uku yana yankewa a tsakiya tana farowa. Wuri kuma ya ƙare a wayar, ta share duk abin da ke ciki, har da hotunan samfurin ɗinki ɗari biyu da na ba ta ajiya. Wannan ban yafe ba tukuna.

A nan sunan ya samo asali. Hadjara mai wagashi tana da kunne, kuma ba ta barin abin da ya shiga ya kwana a ciki. Ta ji Rabi na ce mini, "Kwantenata ta kusa gama sauka, saura kaɗan." A bakin masu waya saukewa ita ce jawo abu daga intanet. A bakin mutanen Lomé kuwa kwantena in ta sauka, a por ta sauka. Kafin la'asar mata uku sun zo barandata suna tambaya ko atamfa ce ko leshi, a ajiye musu turmi bibbiyu. Kashegari abin ya ƙara lalacewa. Zubin haruffa, wato irin fasalin da baƙaƙe ke fitowa da shi a kwamfuta, da Faransanci polis ake ce masa, sunansu ɗaya da 'yan sanda. Rabi ta yi tsaki ta ce, "Kwantena ta sauka lafiya, yanzu polis ce matsalata." Hadjara ta rufe tirenta ta yi gaba. Da yamma sai ga Nasser, yayan Rabi da ke aikin fitar da kaya a por, ya faka babur yana huci.

"Ke Rabi! Kina da kwantena a por, ina can kullum, sai a bakin mai wagashi zan ji? Wa ya yi miki takardun har polis suka riƙe ta?"

Ta ɗago wayar ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai wulaƙanci ne, ya karɓi wagashi bai ce a soya ba ya tafi. Tun ranar ta zama Rabi Kwantena.

Labarin ya kai kunnen Malam, shi bai yi dariya ba. Ya sa ta yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Abin da aka zuba a kwantenar nan, shi ake saukewa? Ba ragi?"

"Ba ragi, Baba."

"To madalla."

Sauran wahalar ta ɗauke ta mako guda. Wayar ba ta son baƙon da aka sauke mata. Da fuskar wayar ta mutu, ko aiki ya yi yawa, sai ta shaƙe kwantenar, duk abin da ba a adana ba ya tafi. Rabi ta shiga lungunan saitin wayar ta hana ta tsimin batir a kan manhajar, ta kuma kashe wani abu da ke ƙirga ayyuka yana yanke su. Sai zafi. Wayar kan yi zafi kamar dutsen guga, don haka ta riƙa ɗora ta a murfin randata ta ruwan sanyi. Ta samo madannin kwamfuta na hannu, irin namu na Faransanci, ta haɗa shi da wayar ta wata 'yar gajeruwar igiya. Ta samo polis ɗin da ke da baƙaƙen ajami, ta buɗe fayil ɗin da ke faɗa wa kowane maɓalli abin da zai rubuta, ta sauya su ɗaya bayan ɗaya. Ni na yanka mata farin salatif ƙanana ta rubuta baƙaƙen ta liƙa a kai. A ƙarshe ta huda ƙofa tsakanin kwantenar da ma'ajiyar wayar, don abin da ta rubuta a ciki ya iya fitowa a kai shi wurin bugawa.

Ranar da baitin farko ya tsaya daidai, rabi a dama rabi a hagu, ta juyo mini da wayar ta ce, "Voilà." Ni lambobin tef ɗin awo kawai na iya karantawa. Na ce ya yi kyau, don ya yi kyan.

Mako bakwai tana bugawa. Takan fito da sassafe kafin masu aiki su zo, ta buɗe littafin Malam a kan cinya, ta sa fuska dab da wayar. Inda fumfuna ta yi yawa takan sa auduga ta goge a hankali. Na ce mata ta kai wa Malam shafi ɗaya ya gani, ko don ya ji daɗi. Ta ce sai ta gama. Malam kan aiko a tambaya, ta ce a ce masa ana kai. Shi ma da nasa taurin kan, bai sake tambaya ba bayan sau biyu.

Ta bugo su a Tokoin, baƙaƙe manya kamar na allon talla, shafi tamanin da wani abu, marsiyyar a sama. Bayan la'asar ta kai masa zaure. Ina nan, Nasser ma na nan. Malam ya juya wa ƙofa baya don haske ya sauka a takardar, ya kawo ta dab da idon hagu, yana bin layi da kai gaba ɗaya. Ya fara da sunan Allah da salati. Na ga ya ɗan yamutsa fuska a baiti na biyu, ya yi gyaran murya ya wuce. A na huɗu ya tsaya. Ya sake kawo takardar kusa, ya karanta a fili, a hankali, yadda aka rubuta.

"Maro, kin tafi kin bar ni da dogon dara."

Ya sauke takardar.

"Wace ce Maro?"

"Inna ce, Baba."

"Innarki Mero ce. Shekara talatin da ɗaya ina kiran ta, ban taɓa ce mata Maro ba. Dare na ce ta bar ni da shi. Dara kuwa ko ta bar mini ban iya ba."

Dariya ta ƙwace wa Nasser, ya haɗiye ta da tari. Malam ya ce a miƙo masa littafinsa. Ya lalubo shafin, ya sa farce a ƙarƙashin mimin farko na sunan.

"Mene ne wannan?"

Rabi ta duƙa ta duba. "Fumfuna ce, Baba."

"Ba fumfuna ba ce. Ni na ɗiga shi."

Daga baya na fahimci abin. A ajami, ɗigo guda a ƙarƙashin baƙi shi ke ba da sautin e. In babu shi, abin da ya rage a ne. Duk wanda ya yi allo a gaban malami irin Malam ya san shi tun yana yaro, don Alƙur'aninsu na hannu cike yake da shi. A bugaggen mushafin da Rabi ta yi karatu da shi kuwa ba ta saba ganin sa ba. Sauran wasulan suna da fasali, ko sun koɗe za ka gane su. Shi wannan ɗigo ne kawai, ruwa ya mai da shi launin fumfuna, ga fumfuna ta kewaye shi. Da ta zo kan sunan uwarta bakinta ya karanta Mero don ta san Mero ce, ba ta tambayi wane ne ya ba da e ɗin ba. Shafi tamanin, babu ɗigo ko ɗaya. Gero ya zama garo, zane ya zama zana, bege ya zama abin da ba shi da ma'ana.

"Wasu ma na goge su da auduga," in ji Rabi.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A lakwal akwai wata 'yar sanda da kuke ɗora wa e a ka. Na tuna ranar da kika dawo kina kuka, an cire miki maki biyu don kin manta ta. Uwarki ce ta lallashe ki, ta ce gobe ba za ki manta ba." Ya tattara takardun ya daidaita gefensu a gwiwa ya miƙa mata. "Kwantenarki ta iso, Rabi'atu. Amma wani kaya ya faɗa teku."

Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinta kamar makonnin da suka biyo ba.

Kashegari ta buɗe fayil ɗin madannan. Madannin Faransanci yana da maɓalli na musamman don e mai sanda a ka, a layin sama, wanda ba ta ba shi aikin komai ba. A kansa ta ɗora ɗigon. Da ta danna sai akwati ya fito babu komai a ciki, polis ɗin ba ta san shi ba. Ta koma shagon wifi ta samo wata. A wannan ɗigon ya fito, amma ya zauna a gefe kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba. Sai a rana ta huɗu, da polis ta uku, ya sauka daidai ƙarƙashin mimin. Ta kira ni na gani. Ɗan mitsitsin abu ne, bai kai kan allura ba.

Na ce, "Maza ki bugo wannan shafin ki kai masa yau."

"Sai na gama, Tanti."

"Rabi, idon nan ba jiran ki yake ba."

"Ba zan sake zuwa gabansa da abin da zai sami kuskure a ciki ba. Ba a gyara shi da umarni ɗaya, wani wurin a ɗin gaskiya ne. Sai na bi kalma-kalma ina faɗa da baki."

Haka ta yi. Tana zaune tana motsa leɓe kamar mai lazimi, duk inda bakinta ya ce e ta danna maɓallin. Da ta gama marsiyyar na sake yi mata magana, ta ce saura na wa'azin. Ni kuwa kullum ina kai wa Malam koko, ina ganin abin da ba ta gani. Ya fara miƙa hannu gefen kofi. Ya amsa sallamar Nasser da sunan wani. Wata rana ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗu, alhali rana ta take. Yana ɓoyewa, ya iya ɓoyewa, amma ni tela ce, kallon mutane ne aikina. Na faɗa mata duka, har na ce mata halinta na aljihun baibai ne bai sake ta ba. Ta ce saura shafi tara. Na yi kwana biyu ban ba ta soket ba, ta je ta yi caji a wurin mai aski.

Kwana ashirin da uku bayan karatun farko ta kawo bugu na biyu. Da hantsi ne. Malam ya ce a fitar masa da buzunsa tsakar gida inda rana take. Nasser ya riƙe masa hannu, abin da da ba ya yarda a yi masa. Rabi ta durƙusa ta ɗora allo a gwiwarsa, ta shimfiɗa shafin farko a kai.

Bai kawo takardar kusa da ido ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsa a kanta, ya fara. Sunan Allah, salati, baiti na biyu, na uku, yatsan na tafiya daga dama zuwa hagu. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A na huɗu ya ce, "Mero, kin tafi kin bar ni da dogon dare," ya tsaya.

"Yawwa," ya ce. "Ga shi nan. Ga ɗigon, ya fito sarai."

Yatsansa na can ƙasan shafin, a farin gefe inda babu rubutu. Tsakaninsa da sunan ya kai taƙi guda.

Nasser ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Rabi ta kalli yatsan, ta kalli fuskar ubanta. Sai ta sa 'yan yatsu biyu ta kama kusurwar takardar, ta shiga jan ta a hankali a kan allon. Layuka suka riƙa wucewa ta ƙarƙashin yatsan Malam, na bakwai, na shida, na biyar. Dole ya ji takardar na tafiya. Bai ɗaga yatsan ba, ya ma ɗan sassauta shi don ta wuce. Ta ja ta gefe kaɗan, ta tsaya.

Can Malam ya ce, ƙasa-ƙasa, ba da muryar karatu ba, "Ya zo?"

"Ya zo, Baba."

Ya danna yatsan a wurin, ya daɗe bai ɗauke ba.